Wane murhu ya dace da ɗaki lokacin ɗari?

Jama'a, daga watan Disamba zuwa Janairu iskar hunturu takan sauko daga arewa ta bi Dallol Bosso. A Filinge da Cikal da Tukunus da sauran garuruwan Kurfai, rana tana faɗuwa sanyi yake kamawa, kuma da asuba ya fi tsanani. Tsofaffi da jarirai da masu jego su suka fi jin sa. Saboda haka muke shigar da wuta ɗaki. Amma kafin mu shigar da ita, ya kamata mu san irin murhun da muke da shi, da abin da yake iya yi, da abin da ba ya iyawa.

Murhun duwatsu uku shi muka gada. Ba a sayen sa, kuma zafinsa yana bazuwa ko'ina, shi ya sa jin ɗumi a gabansa yake da daɗi. Sai dai wannan bazuwar ita ce aibinsa wajen girki. Mafi yawan zafin yana bin iska, kaɗan ne yake taɓa tukunya. Ga cin icce, ga hayaƙi, ga yaro mai rarrafe ba abin da ya tsare shi daga garwashi.

A shekarun 1980 aka fara yaɗa ingantattun murahu a Nijar. Biyu sun yi suna: Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙera suke ƙerawa, da Albarka, wanda ake ginawa da laka. Dabararsu ɗaya ce. Ana kewaye wuta da bango, a bar ƙofa ɗaya ta sa icce, sai harshen wuta ya bi jikin tukunya kafin ya fita. Tsakanin tukunya da bangon kada ya wuce kaurin ɗan yatsa. In ya yi faɗi, zafi ya gudu. In ya matse, wuta ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Don haka mai zuwa wurin maƙeri ya tafi da tukunyar da za a riƙa ɗorawa, a auna.

To, wanne ya fi ɗumama ɗaki? Na ƙarfe yana ɗaukar zafi nan da nan, ana kuma iya ɗauke shi a kai wani wuri. Amma wuta tana mutuwa yake hucewa, kuma jikinsa yana ƙona hannun yaro. Na laka yana jinkirin ɗaukar zafi, sai dai in ya ɗauka yakan riƙe shi, ya riƙa saki sannu sannu bayan an kwashe wuta. A ganinmu, gida mai ƙananan yara ya fi dacewa da na laka. Ba ya cin kuɗi: yumɓu ne da ƙaiƙayi da kashin jaki ko na shanu, a kwaɓa, a rufe kwanaki har ya ruɓa, a gina a kan duwatsu uku, a bar shi ya bushe a inuwa. Abokin gabansa ɗaya ne, ruwan sama.

Abin da ba a gani

Ga maganar da muke so kowa ya riƙe. Waɗannan murahu duka na girki ne, babu mai bututun fitar da hayaƙi. A ƙasashen sanyi irin su Faransa, murhun ɗumama gida rufaffen akwatin ƙarfe ne, da bututu da ya huda rufi, zafi ya tsaya ciki, hayaƙi ya fita waje. Namu kuwa duk abin da wuta ta fitar, mu muke shaƙa.

Hayaƙi yana sa tari da ciwon ido, yana kuma buɗe wa ciwon huhu hanya ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200.

Akwai kuma abin da ya fi hayaƙi haɗari. In gawayi ko garwashi yana ci a ɗakin da aka toshe, yana fitar da wata iska mai guba da likitoci suke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki yake rayuwa da ita. Mutane da yawa suna zaton in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, to kasko ba shi da sauran illa. Ba haka ba ne. Jan garwashi ma yana fitar da ita, mai barci kuwa ba ya jin komai har ƙarfinsa ya ƙare.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. In mutum biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya da wuta suka tashi da waɗannan alamu tare, kada mu tsaya cewa iskokai ne ko sammu. Mu buɗe ƙofa, mu fitar da kowa fili, mu kai su gidan likita mafi kusa, ko da sun ce sun ji sauƙi. Mace mai ciki ita za a fara kaiwa, domin gubar tana isa ga ɗan da ke cikinta.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a hura wuta a waje, a shigar da kasko ya ɗumama ɗaki da taga a buɗe, sa'an nan a fitar da shi kafin a kwanta. In ana son ɗumi ya kai dare, a gasa dutse ko tubali, a naɗe shi da tsumma mai kauri, a ajiye wajen ƙafafu, amma ba jikin jariri ba. A bukkar kara ko ta zana kuwa, kasko ya nisanci bango da tabarma da gidan sauro, domin da hunturu gobarar bukka ɗaya takan kai har rumbuna.

Icce ma zaɓensa ake yi. Busasshen geza da sabara suna ci da kyau. Ɗanyen icce rabin aikinsa ƙone ruwan da ke cikinsa ne, hayaƙi kawai yake bayarwa. Leda da roba da katako mai fenti ba abin sa wa wuta ba ne. Gawo kuwa a bar shi tsaye a gona, ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi. Tun 1992 doka ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin icce na karkara da kula da dazuzzukansu, don motocin da suke kwasar icce zuwa Yamai su daina sara yadda suka ga dama. Duk da haka geza yana ƙara nisa da gari, kuma mata da ƴan mata su suke yin tafiyar. Ɗaurin da ya kwana biyu a murhun laka maimakon ɗaya, tafiya guda ce aka rage musu.