Ƙurar Sararin Sama

Wani lokaci da asuba, tun alfijir bai keto ba, akan ga wani farin haske a gabas ya miƙe tsaye, gindinsa da faɗi, kansa da tsini. Malamai suna kiransa alfijirin ƙarya, suna kuwa gargaɗin mutane kada ya ruɗe su, su yi salla lokaci bai yi ba. To, wannan haske ba kome ba ne illa hasken rana da ya faɗa kan ƙura.

Ba irin ƙurar hunturu ba ce da iska ke kwasowa daga hamada. Ita wannan tana can nesa, tsakanin duniyoyin da ke kewaya rana, inda babu iska ko kaɗan.

Daga ina ta fito? Akwai duwatsu barkatai masu kewaya rana tsakanin duniyar Mirrihi da ta Mushtari. In biyu suka yi karo sai su farfashe, gutsattsarinsu su watse. Tauraro mai wutsiya kuma dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura. Sa'ad da ya kusanci rana sai ƙanƙarar ta zama tururi, ƙurar ta zube a hanyarsa.

Ƙurar nan ba ta zama wuri ɗaya. Mai laushi ƙwarai, hasken rana yakan tura ta waje. Mai ɗan girma takan yi ta kewaya rana, tana matsowa sannu sannu. Wadda ta kusanci duniyarmu kuwa, sai duniya ta jawo ta. In ƙwaya kamar tsakuwa ta shigo cikin iskarmu a guje sai ta ƙone, mutane su ce tauraro ya faɗi.

Shi wata ba shi da iskar da za ta kāre shi. Don haka ƙwayoyin nan suna dukan fuskarsa kullum, suna niƙe duwatsunsa kamar gari. A kan wannan gari ne mutanen da suka sauka can a shekarar 1969 suka bar sawunsu. Haka kuma ƙurar da ke tashi daga ƙananan watannin Mushtari ta taru ta yi masa zobe, wanda kumbon Voyager 1 ya gano a 1979.

Ƙwaya ƙarama mai tsananin gudu tana iya huda ƙarfe. Shi ya sa masu ƙera kumbo sukan yi masa garkuwa, gama ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.