Alamar Shafi: Sana'ar Hutu a Kadawa

Mu 'yan Kadawa, ruwan dam ɗin Tiga ya saba mana da noman tumatir da shinkafa. Amma ga sana'ar da ba ta jiran kaka: haɗa alamar shafi, mai hana naɗe gefen takarda har ya yage.

Mukan yanka kwali mai kauri, tsawon tafin hannu, mu zana dagi ko zayyana irin ta allon sauka. In tawada ta bushe, mu kai shagon fotokwafi a Kura a manne masa leda, mu huda sama, mu ɗaura zare.

Ledar nan ce sirrin ciniki, don gumi da damina ba sa cin zanen. Alamar da ta shekara a jakar ɗalibi, ita ke jawo mana sabon mai saye.