Fafe Maƙogwaron Injin: Ƙarin Ƙarfi Ne Ko Ruɗin Ƙafa?

Masu sha'awar ƙara wa mota gudu, musamman a Amurka inda ake ji da manyan injina irin na Corvette da Camaro, suna da wata al'ada ta kwance maƙogwaron injin su kai a fafe shi. Maƙogwaron nan bututu ne na alminiyam da duk iskar da injin zai shaƙa ke bi ta cikinsa, a tsakiyarsa kuma akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa a kan sanda, yana buɗewa idan an taka totur. Mai aikin yakan kankare kaurin bangon, ya goge tudun da ke ciki, wani lokaci ma ya rage kaurin sandar, don iska ta wuce a sake. Hujjarsu tana da tushe, domin injin fetur yana buƙatar iska mai nauyin kusan kashi 14.7 kafin ya ƙone kashi 1 na mai, kuma ƙara mai abu ne mai sauƙi, iska ce ke da wuyar samu. Sai dai a ganina yawancin masu biyan kuɗin wannan aiki suna gyara wurin da bai lalace ba ne.

A fara da lissafi. Injin LS3 mai lita 6.2 yana shaƙar cikinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu, don haka idan yana juyi 6,000 a minti, abin da zai nema bai wuce lita 18,600 ta iska a minti ba, in ma an ɗauka kowace silinda tana cika maƙil. Kamfanin GM ya ba shi maƙogwaro mai faɗin milimita 90, alhali LS1 na shekarar 1997 milimita 75 ya samu. Bambancin ya fi yadda yake a ido, saboda filin da'ira yana ƙaruwa ne ninkin-ba-ninkin, wato ƙofar ta ƙaru da kashi 44 cikin 100. Injiniyoyin sun riga sun bar rara. Kuma akwai hanyar gane ko rarar ta ƙare ba tare da an taɓa ƙarfe ba: a cikin bututun da ke bayan maƙogwaron akwai sensa mai auna matsin iska. A taka totur har ƙasa, a duba abin da ta karanta, a gwada da matsin iskar waje, wanda a bakin teku yake kusan kilofaskal 101. In bambancin kilofaskal 1 ne ko 2, to iyakar abin da za a iya ƙwatowa kashi 1 ko 2 ne cikin 100, kuma wani ɓangarensa matatar iska ce ta cinye shi. A injin mai ƙarfin doki 500, ana maganar doki 5 zuwa 10 ke nan, idan komai ya tafi daidai. Wurin da iska ta fi shan matsi galibi yana can ciki, a bakin bawul da hanyoyin kan injin.

Mai motar zai ce ai shi ya ji canji da ƙafarsa, mota ta riƙa zabura da zarar ya ɗora ƙafa. Gaskiya ya faɗa, amma abin da ya ji ba ƙarin ƙarfi ba ne. A maƙogwaro da yawa na zamani an bar wani tudu a bango daf da bakin faifan, da gangan, don iska ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan a farkon buɗewa, direba ya iya lallaɓa mota a cunkoso. Idan aka kankare tudun, ɗan taki kaɗan sai ya shigar da iskar da a da sai an ƙara dannawa. An dai matso da ƙarfin kusa ne, jimillarsa a ƙarshen totur tana nan kusan yadda take.

A nan ne kuma maƙogwaro na lantarki ya bambanta da na da. A tsohon tsari waya ce ke jan faifan kai tsaye daga ƙafar direba, kuma akwai wata ƙaramar hanya ta daban da ke ba injin iska lokacin da mota ke tsaye. A sabon tsari, wanda BMW ta fito da shi a motarta 750i a ƙarshen shekarun 1980, ba waya. Totur saƙo kawai yake aikawa, kwamfutar mota ta yanke hukunci, sannan wani ƙaramin injin lantarki ya juya faifan. Iskar tsayuwa ma ta 'yar tsagar da ke tsakanin faifai da bango take bi. Kwamfutar tana ɗauke da jadawalin da ke gaya mata yawan iskar da kowace kusurwa ta faifan za ta shigar, kuma an gina jadawalin ne bisa siffar bangon da ya fito daga masana'anta. Wanda ya fafe bangon ya sauya amsar bai gaya wa mai lissafin ba. Abin da kan biyo baya shi ne injin ya riƙa ihu a tsaye, ko ya riƙa hawa da sauka, ko fitilar gargaɗi ta kama da lamba irin P0507. In kwamfutar ta ga saɓanin ya yi yawa, ko aka taɓa sensa biyun da ke sa ido kan faifan, sai ta rage wa injin ƙarfi ta bar shi yana rarrafe, domin an tsara ta ne ta ɗauki duk iskar da ba ta san da ita ba a matsayin haɗari. Makanikan Kano da Kaduna sun san ɗan'uwan wannan matsala: Camry tun daga samfurin 2002 tana da wannan tsari, kuma wanke dauɗar maƙogwaronta kawai kan sa injin ya hau har sai kwamfutar ta sake koyon matsayinta. Dauɗa ke nan, balle a kankare ƙarfen.

Akwai dai injin da aikin ke amfana ƙwarai, kuma rashin adalci ne a musanta. Motoci irin su Camaro ZL1 da Cadillac CTS-V suna da na'urar cusa iska da ke zaune bayan maƙogwaro, tana zuƙo iskar ta cikinsa. Idan aka sauya mata fule don ta ƙara juyi, buƙatar iska kan haura abin da masana'anta ta tanada, kuma duk matsin da aka yi asara a ƙofa sai na'urar ta ninka asarar, ta kuma ƙara ɗumama iskar wajen cike giɓin. A nan fafewa, ko sayen mai milimita 102, tana biyan kuɗinta. Ko a nan ɗin ma ƙwararre yakan bar daidai wurin da bakin faifai ke zama ba ya taɓawa, ya yi aikinsa gaba da baya, sannan a haɗa motar da kwamfuta a gyara jadawalin iska, a ɗora ta kan na'urar auna ƙarfi a rana ɗaya, kafin aiki da bayansa, don zafin rana kaɗai yana iya sauya sakamako da doki biyar ɗin da ake taƙama da su.