Shin Sai Da Ikon Mai Gida Kwantenar Kwamfuta Ke Tashi?

Duk wanda ya taɓa dako a tashar jiragen ruwa ta Apapa ya san kwantena, watau akwatin ƙarfen nan da ake cikawa da kaya a ɗora a kowane jirgi. Masana kwamfuta sun ari sunan, suka raɗa wa wata dabara ta ƙunshe manhaja da kayan aikinta wuri ɗaya, don ta yi aiki a kan kowace na'ura mai tsarin Linux.

To, a Linux akwai mai gida da ake kira root, wanda babu ƙofar da ke rufe gare shi. Lokacin da Docker ya fito a 2013, sai da ikon wannan mai gida kwantena ke tashi, domin injinsa da ke aiki a ɓoye da sunan root yake gudana. Saboda haka ma'aikacin da aka saka a rukunin masu amfani da Docker, mabuɗin gidan ne kacokam aka damƙa masa ko da ba a sani ba. Yana iya jona faifan na'urar duka cikin kwantena, ya karanta ko ya share abin da ya ga dama. A Fabrairun 2019 an bayyana wata ɓaraka a runc, ƙaramar manhajar da ke kunna kwantenoni, wadda za ta bar mugu ya tsallako daga ciki ya mallake na'urar.

Alhali kuwa maganin yana nan tun 2013, sa'ad da Linux 3.8 ya ba talakan ma'aikaci damar zama sarki a cikin kwantenarsa, a waje kuma yana nan talakansa. Idan ɓarawo ya fasa ta, ɗakin wannan ma'aikaci kaɗai zai samu. Kamfanin Red Hat ya bi wannan hanya da Podman, Docker ma ya tabbatar da tasa a Disamba 2020.

Sai dai fa ba a rabu da mai gida ɗungum ba. Galibi shi ne zai fara girka kayan, ya yanka wa ma'aikaci lambobin shaida. Kuma ƙofofin sadarwa da ke ƙasa da lamba 1024, irin ta 80 da shafukan intanet ke bi, ba sa buɗuwa sai ya yarda.