Suna Ɗaya, Tashoshi Da Yawa: Yadda Waya Ke Zaɓen Wi-Fi

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce wata ɗaliba ta same ni a ofis ranta a ɓace. Ta ce saura minti ashirin a rufe karɓar aikin jinga ta intanet, tana zaune cikin babban ɗakin lacca da ya cika maƙil, alamar Wi-Fi a wayarta ta cika taf, amma aikin ya ƙi tafiya. Da ta fita baranda, alamar ta ragu, sunan Wi-Fi ɗin bai sauya ba, sai ga aikin ya wuce nan take. Tambayarta ita ce, yaya mai rauni ya fi mai ƙarfi? Ni malamin nazarin halittu ne, don haka amsar da zan bayar za ta bi ta kan agwagi.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa sunan da yake gani a wayarsa sunan gida ne, irin wanda 'ya'ya da yawa ke amsawa. A babbar ma'aikata ko jami'a akan kafa ƙananan tashoshi masu yawa a jikin bango da silin, a ba su duka suna ɗaya, wanda masana ke kira SSID. Amma kowace tasha tana da tata lambar ta daban, wato BSSID, wadda waya ke gani ko da mai ita bai gani ba. Kowace tasha kuma tana yin shela kusan sau 10 a daƙiƙa ɗaya, tana faɗin sunan gida da lambarta da layin da take aiki a kai. Tsarin eduroam, wanda ya fara a Turai a shekarar 2003, shi ne babban misali, domin jami'o'in ƙasashe da dama suna amfani da wannan suna guda.

To, wa ke yin zaɓi tsakanin waɗannan tashoshi? Ƙa'idar 802.11, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997 kuma aka gina Wi-Fi a kanta, ta bar wannan hukunci a hannun wayar ko kwamfutar. Kowane kamfani da irin dabarar da ya sa wa na'urarsa, amma yawancinsu sun fi ba ƙarfin sigina muhimmanci. Ana auna ƙarfin da ma'aunin dBm, kuma lambobin suna ƙasa da sifiri. Sigina mai -50 ƙaƙƙarfa ce, mai -80 kuwa ta raunana ƙwarai, kuma duk saukar lamba 10 tana nufin ƙarfin ya ragu ninki 10. Bango yana rage shi, haka ma jikin ɗan Adam, wanda fiye da rabinsa ruwa ne.

A nan ne agwagi suka shigo. Wajen 1970 wasu masana halittu biyu na Amurka, Fretwell da Lucas, suka kawo ra'ayin cewa dabbobi kan rarraba kansu a wuraren abinci gwargwadon abin da kowane wuri zai iya ciyarwa. A 1982 wani masani mai suna Harper ya buga sakamakon gwajin da ya yi da agwagi 33 a wani tafki na lambun Jami'ar Cambridge a Ingila. Mutum biyu suka tsaya a wurare daban suna jefa burodi. Idan suna jefawa daidai, agwagin kan rabu kusan rabi da rabi. Idan ɗaya ya ninka na ɗaya, sai kusan kashi 2 cikin 3 su koma wajensa, sauran su tsaya inda suke. Wato agwagwa tana duban yawan burodi, tana kuma duban yawan bakunan da ke jiransa.

Wayar da ke bin ƙarfin sigina kaɗai ba ta kai agwagwa hikima ba. Tashar da ke ɗakin lacca ita ce ta fi kusa da kowa, don haka wayoyi ɗaruruwa suka taru a kanta. A layi ɗaya kuwa na'urori kan yi magana ne bi da bi, kowa ya jira ɗan'uwansa ya gama. Bugu da ƙari, wayar da ke nesa tana aika saƙo a hankali, sai ta cinye lokacin kowa. Ɗalibata ta tsira ne saboda fitarta baranda ya sa wayarta ta koma tashar da ba ta da cunkoso.

Akwai kuma matsala ta biyu, wato naci. Waya ba ta son barin tashar da ta riƙe, domin yawan sauye-sauye yana katse kira yana kuma cinye batir. Kamfanin Apple, alal misali, ya bayyana cewa iPhone ba ta fara neman wata tasha sai sigina ta sauka zuwa -70, kuma sai sabuwar ta fi tsohuwar da lamba 8 idan ana aika saƙo, ko 12 idan ba a aikawa. Shi ya sa mutum zai tsaya ƙarƙashin tasha amma wayarsa tana manne da wadda ya baro a ƙofar shiga. Domin rage wannan aka yi wa ƙa'idar gyare-gyare. Na 802.11k a 2008 yana ba waya jerin tashoshin da ke maƙwabtaka, na 802.11r a wannan shekarar yana hanzarta sauyawa, na 802.11v a 2011 kuma yana ba tasha damar ba waya shawarar ta koma wata. Duk da haka wayar na iya ƙin shawarar.

Abu na ƙarshe shi ne mafi haɗari. Tun da kowa na iya kafa tasha ya sa mata sunan da ya ga dama, mugun mutum zai iya ɗaukar sunan Wi-Fi na makaranta ya tsaya kusa da jama'a, wayoyi su taho wajensa saboda siginarsa ta fi ƙarfi. Masu nazarin halittu sun san irin wannan yaudara a wajen wasu ƙwari masu walƙiya na Amurka, inda mace ke kwaikwayon hasken wani jinsi, namiji ya taho ta cinye shi. Hausawa kuma sun ce kama da wane ba ta wane.

A taƙaice, idan alama ta cika amma aiki ya tsaya, a matsa daga cunkoso, a kashe Wi-Fi a sake kunnawa domin wayar ta yi sabon zaɓi. Idan akwai zangon 5 GHz a fifita shi a kan na 2.4, wanda layuka 3 kacal ne a cikinsa ba sa hawa kan juna. Idan kuma waya ta yi gargaɗi cewa takardar shaidar tasha ta sauya, a dakata da sa kalmar sirri har sai an tambayi masu kula da tsarin.