Kwarin Ahr: Inabin da ya tsira a kan tudu, da rumbunan da ruwa ya ci

A yammacin Jamus, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga birnin Bonn, akwai wani ƙaramin kogi mai suna Ahr. Tsawonsa kusan kilomita 85 ne daga mafarinsa a garin Blankenheim zuwa inda yake zubewa cikin kogin Rhine. A kilomita 25 na ƙarshen tafiyarsa ne ake samun ɗaya daga cikin mafi ƙanƙantar yankuna 13 da ake noman inabin giya a ƙasar. Gonakin duka ba su wuce hekta 560 ba, alhali na Jamus baki ɗaya sun haura hekta 100,000.

Abin da ya sa sunan kwarin ya fi girmansa shi ne irin inabin da ake nomawa. Yankin yana arewa sosai, inda sanyi ke daɗewa, rana kuma ba ta da ƙarfi. A irin wannan wuri farin inabi aka saba gani, domin baƙi yana buƙatar zafi kafin ya nuna. Amma kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin Ahr baƙin inabi ne, galibinsa nau'in da Faransawa ke kira Pinot Noir, Jamusawa kuma Spätburgunder.

Sirrin yana cikin surar ƙasar. Kwarin matsattse ne, tsaunukan Eifel sun tare masa iska da yawancin ruwan sama. Gangaren da ke fuskantar kudu yana shan rana tun safe, kuma ƙasarsa cike take da wani dutse mai duhu da ke ɓarewa falle-falle, wanda ke ɗaukar zafi da rana ya riƙa sakinsa da dare. Manoman dā sun yanka gangaren hawa-hawa, suka tokare kowane hawa da katangar dutse. Tarakta ba ta hawa yawancin wuraren, don haka datsa da ɗauri da tsinka duk aikin hannu ne. Giyar da ke fitowa ba ta da duhu ko kauri irin ta ƙasashe masu zafi. Masu harkar suna yabonta da ɗan tsami da ƙamshi mai laushi, tana kuma da tsada saboda ƙarancinta da wahalar nomanta.

Manoman nan ba su taɓa zama masu manyan filaye ba. Talauci da mugun farashin da 'yan kasuwa ke yanka masu ne suka sa a 1868 manoman ƙauyen Mayschoss suka kafa ƙungiyar gama-kai domin su matse inabinsu su sayar da kansu. Ana lissafa ta a matsayin mafi daɗewa a irinta a Jamus, kuma tana aiki har yau. An daɗe ana ɗaukar giyar Ahr abin sha mai zaƙi na masu zuwa yawon ƙarshen mako daga Bonn da Kolon. Sai a shekarun 1980 wasu gidaje, musamman Meyer-Näkel na ƙauyen Dernau, suka rage yawan amfanin kowace kuranga, suka koma giya marar zaƙi, darajar yankin ta ɗaga. Ɗumamar yanayi ma ta ba su hannu, domin inabin da a dā yake nuna da ƙyar ya koma nuna kusan kowace shekara.

Ko ga wanda giya ba ta cikin sha'aninsa, abin da ya faru a daren 14 zuwa 15 ga Yulin 2021 ya cancanci a tsaya a kansa. An yi ta sheƙa ruwa a kan tsaunukan Eifel, ƙasa kuwa ta riga ta ƙoshi. Matsin kwarin da ke tara wa inabi zafi shi ne ya tara ruwan wuri guda. A garin Altenahr, mafi girman cikar da ma'aunin kogin ya taɓa nunawa ita ce mita 3.71 a 2016. A wannan dare ma'aunin ya daina aiki bayan ya haura mita 5, ruwa kuma bai daina hawa ba. Motoci da itatuwa suka toshe gadoji, gadojin suka karye, ruwan ya riƙa zuwa tamkar ana buɗe madatsa. Fiye da mutum 130 ne suka rasu a kwarin, ciki har da 12 a wani gidan kula da masu buƙata ta musamman a garin Sinzig.

Kurangar da ke kan gangare ta tsira. Abin da ya tafi shi ne na ƙasa: kusan kashi ɗaya cikin goma na gonakin, da kusan dukkan rumbunan ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye ganguna da kwalabe da injunan matsa. A sana'ar da kaya ke kwana shekara ɗaya ko biyu a ganga kafin a sayar, wannan asarar girbin shekaru ce a dare guda. An tsinci wasu gangunan kilomitoci da yawa daga inda aka ajiye su. 'Yan'uwa mata biyu da ke tafiyar da gidan Meyer-Näkel sun tsira ne bayan sun shafe sa'o'i a maƙale a kan bishiya.

Girbi kuma saura wata biyu. Manoman inabi daga Mosel da Pfalz da sauran yankuna suka zo da injuna da ma'aikata, suka kula da gonakin abokan gogayyarsu a kasuwa. Kwalaben da aka haƙo daga laka, waɗanda takardun jikinsu suka goge, aka sayar da su da lakarsu a ƙarƙashin sunan Flutwein, wato giyar ambaliya, aka tara sama da Yuro miliyan 4.

Ɓangaren hukuma bai yi kyan gani haka ba. Masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi tun kwanaki kafin ranar, amma sai bayan ƙarfe 11 na dare hukumar gundumar Ahrweiler ta umarci mazauna bakin kogi su tashi, lokacin da ƙauyukan sama sun riga sun nutse. Gargaɗin ya fita daga ofis, bai isa ƙofar gida ba. Anne Spiegel, wadda ita ce ministar muhalli ta jihar Rhineland-Palatinate a lokacin, ta sauka daga muƙamin ministar tarayya a Afrilun 2022 bayan an gano ta tafi hutun mako huɗu a Faransa kwana goma da aukuwar bala'in. Ministan cikin gidan jihar, Roger Lewentz, ya bi bayanta a Oktoba. Masu gabatar da ƙara sun binciki shugaban gundumar, Jürgen Pföhler, amma suka rufe binciken a Afrilun 2024 ba tare da tuhuma ba, abin da ya ƙona ran iyalan mamatan.

Gwamnatin tarayya da jihohi sun ware Yuro biliyan 30 domin sake gina yankunan da ambaliyar ta shafa, sai dai mazauna kwarin sun daɗe suna kokawa da yawan takardu da jinkirin fitar kuɗin. A Fabrairun 2023 ƙasar ta fara aiki da tsarin aika gargaɗi kai-tsaye zuwa duk wayar da ke yankin haɗari, tsarin da wasu ƙasashe suka riga ta da shekaru.

Wata matsalar kuma ta lissafi ce. Kwarin ya sha irin wannan ambaliya a 1804 da 1910, amma taswirar haɗarin da hukuma ke aiki da ita ta dogara ne da ma'aunin da aka fara ajiyewa bayan yaƙin duniya na biyu, don haka waɗancan shekaru ba su shiga ƙidaya ba. Yanzu an faɗaɗa iyakar wuraren da ake ɗauka na ambaliya, kuma wasu filayen bakin kogi ba za a sake dasa masu inabi ba. Hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 35 da ta ratsa gonakin ta kan tudu tun 1972 ta sake cika da baƙi a lokacin kaka. Daga kanta ana hango Dernau da Rech da Mayschoss a ƙasa, inda sababbin gine-gine ke tsaye kusa da filayen da aka bar wa kogi.