Man Giyar Mota: Na Kamfani Ko Na Kasuwa?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa mai mota ba ya wasa da baƙin mai, domin shi ne abincin inji. Amma man giya kan shekara ba a tuna da shi ba, sai ran da giya ta fara ƙara ko ta ƙi shiga. A ranar ce makanike zai tambayi mai mota: na kamfani za a zuba ko na kasuwa? Wato man da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera motar, ko kuwa wanda kamfanonin mai ke sayarwa da sunansu. Wannan bayani ya shafi mota mai giyar hannu ce kawai.

Aikin Man Giya

A cikin akwatin giya akwai haƙoran ƙarfe masu cuɗanya da juna, aikin mai shi ne ya hana su cin juna, ya kuma rage zafi. Ban da haƙora, akwai wasu zobba, galibi na tagulla, waɗanda ke daidaita gudun giyoyi biyu kafin su haɗu, don giya ta shiga ba tare da ƙara ba. To, su waɗannan zobba da guga suke aiki. Ke nan ana bukatar mai ya yi santsin da zai kare haƙora, amma kada santsin ya yi yawa har zobba su kasa kamawa. A nan wuyar zaɓi take.

Alamomin Jikin Galan

Alama ta farko ita ce ta kauri, kamar SAE 75W-90 ko 80W-90. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa ne idan ya yi zafi. Wannan ma'auni dabam yake da na baƙin mai, domin man giya mai lamba 90 kaurinsa bai wuce na baƙin mai mai lamba 40 ko 50 ba.

Alama ta biyu ita ce ta aji, wadda Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wato API, ta tsara. Mutane da yawa suna zaton GL-5 ya fi GL-4 kyau tun da lambarsa ta fi girma, alhali aikinsu ne ya bambanta. An shirya GL-5 ne domin aksul ɗin baya, inda matsi ke da tsanani, saboda haka sinadarinsa na farar wuta ya fi yawa. Idan aka zuba shi a akwatin da ke son GL-4, yana iya hana zobba kamawa, wani irinsa ma yakan ci tagulla in zafi ya yi yawa.

Haka kuma ba kowane akwati ne ke shan man giya ba. Alal misali, Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, baƙin mai ake zuba wa akwatin giyarta. Tsofaffin motocin Honda ma haka suke, kafin kamfanin ya fito da nasa man na musamman.

Wanne Ya Fi?

Kamfanonin mota ba su tace mai da kansu. Kamfanonin mai suke ba kwangila su haɗa musu bisa ƙa'idar da suka gindaya, sannan a liƙa sunansu. Fa'idar man kamfani ita ce an gwada shi a kan wannan akwati, babu sauran lalube. Aibinsa tsada da wuyar samu. Na kasuwa kuwa ya fi araha, kuma idan kauri da aji sun dace da abin da littafin mota ya faɗa, zai yi aiki yadda ya kamata. A Amurka ma, wata doka ta 1975 ta hana kamfani soke garantin mota don kawai an zuba man da ba nasa ba.

Sai dai akwai inda man kamfani ya fi zama wajibi: motocin zamani masu son mai tsinkakke ƙwarai, da kuma inda littafi ya ambaci wata lamba ta kamfanin da babu ita a jikin galan ɗin kasuwa.

Babban haɗari a nan ƙasar shi ne jabu, da man ganga wanda ake aunawa a kwalba, ba suna ba lamba. Jabu kuwa sunan da ya fi tsada yake bi, don haka tambarin kamfani kaɗai ba shaida ba ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado: ma'aikacin da ya tsimi kuɗin lita biyu ko uku yana iya biyan kuɗin sauke akwati dungum.

Kammalawa

Abin da ya kamaci mai mota shi ne ya duba littafin motarsa tun kafin ya je gareji. Idan 'yar Kwatano ce ta zo ba littafi, ya nemi bayaninta a intanet ko wurin dillalin kamfanin. Ya sayi mai a rufe daga amintaccen wuri, ya kuma tsaya a zuba a gabansa.